An ce akwai kumburi a jinin Baba mai wankin ƙoda, mu sayi ƙwayoyin antiyoksidan?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 61, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma wata bakwai ke nan yana wankin ƙoda. Sau biyu a mako ake yi masa, wani lokacin sau ɗaya idan kuɗi bai haɗu ba, ta robar da aka sa masa a wuya. Jininsa ya ƙi hawa duk da allurar ƙara jini, PCV ɗinsa bai wuce 22 ba. Ba ya son abinci, ya rame sosai. Gwajin da aka yi ya nuna CRP 38, albumin 2.9, feritin 900. Likitansa ya ce akwai kumburi a jininsa, mu kuwa ba mu ga inda ya kumbura ba sai ƙafa. Wata mai sayar da kayan ƙarin lafiya ta ce gurɓatattun sinadarai ne suka yi masa yawa, ta kawo mana ƙwayoyin antiyoksidan masu tsada da garin zogale da kurkum. Don Allah mene ne wannan kumburin, kuma mu saya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri, don na san irin ɗawainiyar da ke kan gidan da ke da mai wankin ƙoda.

Abu uku kike tambaya: wane kumburi likitansa ke nufi, me ya sa yake kama masu wankin ƙoda, kuma ko ƙwayoyin da aka kawo muku za su kawar da shi. Bari in fara da na ƙarshe tunda shi ne ya shafi aljihu. Kada ku saya tukuna. A bayanin da kika bayar akwai abin da ya fi tsaya mini a rai fiye da lambobin gwajin, wato robar da ta yi watanni a wuyansa. Idan na bi da ke ta yadda abin yake faruwa a jiki za ki ga dalili.

Wane kumburi ake nufi

Kumburin ƙafar da kuke gani ruwa ne da gishiri da ƙoda ta kasa fitarwa. Wanda likitansa ke magana a kai daban ne, ba ya fitowa a ido. Sojojin jiki ne, wato fararen ƙwayoyin jini, suke cikin shirin yaƙi dare da rana ba tare da sun huta ba. A lafiyayyen mutum wannan shiri na ɗan lokaci ne: maruru ya fito, wurin ya yi zafi, ya yi ja, ya fashe, ya warke, komai ya lafa. A mai ciwon ƙoda abin ba ya lafawa. Ƙwayoyin suna ta sakin sinadaran kiran ɗauki, babbansu shi ne wanda ake kira IL-6, shi kuma ya je ya umarci hanta ta canja aiki. Sai hanta ta ƙara ƙera CRP, wato furotin da ke nuna akwai kumburi, ta rage ƙera albumin, wato babban furotin na jini. Shi ya sa a takardar Baba ɗaya ya hau ɗaya ya sauka.

An gano CRP tun 1930 a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, a jinin masu ciwon nimoniya. A lafiyayye ba kasafai yake wuce miligiram 3 zuwa 5 a lita ba, kuma idan ya haura 10 likita ya kan fara neman dalili. Ina ɗaukar cewa 38 ɗin da kika rubuta a wannan ma'aunin yake, amma ki duba takardar, don wasu ɗakunan gwaji da wani ma'auni suke rubutawa. CRP yana tashi cikin sa'o'i kaɗan, yana kuma sauka da wuri idan an kawar da musabbabin, don haka labarin kwanakin nan yake bayarwa. Albumin kuwa sai ya yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya ƙare a jini, saboda haka 2.9 na nuna cewa an ɗauki makonni ana wannan hali. Abin da muke so ga mai wankin ƙoda shi ne 4.0 ko kusa da haka.

Ba Baba kaɗai ba ne. A binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu wankin ƙoda ana samun CRP ɗinsu a sama. A wajen 1999 Farfesa Peter Stenvinkel da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa abu uku suna tafiya tare a masu ciwon ƙoda: rama, wannan kumburi, da toshewar jijiyoyin jini. Shi ya sa muke damuwa da shi. Abin da ya fi ɗauke masu wankin ƙoda a duniya shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, sai kamuwa da ƙwayoyin cuta ya biyo baya, kuma waɗanda CRP ɗinsu ke sama albumin ke ƙasa su ne suka fi shiga haɗari.

Ɓarnar oksijin, wadda mai sayar da magani ta taɓo

Matar nan ba ƙirƙirar zancen ta yi ba, akwai shi a ilimin likitanci. Wani masani Bajamushe, Helmut Sies, shi ya tsara ma'anarsa a 1985. Duk lokacin da jiki ya yi amfani da iskar oksijin don samar da ƙarfi, akwai 'yan ɓurɓushin sinadarai masu kaifi da ke fita, waɗanda ke lalata duk abin da suka taɓa, ko kitse ne ko furotin ko bangon jijiya. Irin abin da ke faruwa ke nan da man gyaɗan da aka bari a buɗe har ya canja wari. Fararen ƙwayoyin jini ma da gangan suke ƙera irin waɗannan sinadarai don kashe ƙwayoyin cuta, har da ainihin sinadarin da ke cikin ruwan bilic. Jiki yana da nasa masu kashe kaifinsu, su ake kira antiyoksidan, irin su gulutatayon da bitamin C da bitamin E. Matsalar tana zuwa ne idan masu ɓarna suka rinjayi masu karewa.

A mai wankin ƙoda an ci ma'aunin ta ɓangare biyu. Masu ɓarna sun ƙaru saboda dattin da ƙoda ta daina fitarwa, da suga, da haɗuwar jini da matatar na'ura. Masu karewa kuma sun ragu, saboda ƙoda ce da kanta take ƙera ɗaya daga cikin manyansu da ke yawo a jini, bitamin C yana bin ruwan wanki ya fita, sannan an hana majinyaci yawancin 'ya'yan itatuwa saboda fotashiyam. Kumburi da wannan ɓarna suna ciyar da juna: farar ƙwayar da aka tsokana tana sakin sinadarai masu kaifi, su kuma su lalata kitsen da ke jini, lalataccen kitsen ya maƙale a bangon jijiya ya sake kiran wasu fararen ƙwayoyin. A hankali jijiya ta yi tauri ta ƙuntata.

Har nan ni da mai sayar da maganin muna tare. Inda muka rabu shi ne a tambayar me ke tsokanar jikin Baba a yau.

Inda nake fara dubawa

Roba ita ce ta farko, ta biyu, ta uku. Bututu ne da ya taso daga waje, ya ratsa fata, ya shiga babbar jijiyar da ke kusa da zuciya. Cikin kwanaki ƙwayoyin cuta suke fara manne wa cikinsa, su yi wani yauƙi da ke kare su daga magani. Iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda ba a so ta wuce kamar mako biyu a wuya, ta cinya kuma ma ba ta kai haka ba. Akwai kuma wadda ake bi da ita ƙarƙashin fata ta fito a ƙirji, wadda za ta iya yin watanni. Ki tambaya wacce ce a jikin Baba, kuma yaushe aka sa ta. Idan ta wucin gadi ce take ta zama wata da watanni, to kusan mun sami bakin zaren.

Ga abin da nake yawan gani a ɗakin wanki. An jona majinyaci da na'ura lafiya lau, bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya sai ya fara rawar sanyi har gadon yana motsi, haƙora na haɗuwa, ya nemi a ƙara masa bargo. A koma gida a ce maleriya ce, a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, washegari ya ji dama-dama, a zauna. Wanki na gaba a sake maimaitawa. Sauro ba ya jiran ranar wanki. Abin da ke faruwa shi ne gudun jini a cikin robar ya kwaso ƙwayoyin cutar ya watsa su cikin jiki. Idan aka bar shi, wata ƙwayar cuta mai suna sitafilokokus tana iya zama a ƙofofin zuciya ko a ƙashin baya, kuma wannan jinya ce ta makonni. Tsoho mai suga da ciwon ƙoda kuma yana iya ɗauke da cutar ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, sai dai kasala da ƙin abinci da jinin da ya ƙi hawa. Abin da ake yi shi ne a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji a shuka shi a ga ko wata ƙwaya za ta tsiro, kuma a ɗeba kafin a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don idan an riga an fara sakamakon yakan fito wayam.

Maganin roba na dindindin shi ne fistula ta hannu. Ba ta da alaƙa da yoyon fitsari, na faɗi haka ne don na ga iyalan da suka ƙi amincewa saboda sunan. Ƙaramin aiki ne da likitan fiɗa ke haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a hannu, sai jijiyar ta girma ta yi ƙwari har a riƙa sa allurar wanki a cikinta. Likitoci Brescia da Cimino da abokan aikinsu ne suka fito da ita a birnin New York a 1966, kuma har yau ba a sami abin da ya fi ta ba. Tana ɗaukar mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna, shi ya sa jinkiri ke da tsada. Daga yau ku hana a riƙa ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa a hannun da Baba ba ya aiki da shi sosai, a adana jijiyoyinsa. A mai shekara 61 da suga jijiyoyin kan yi rauni, wani lokacin aikin farko ba ya kamawa, amma wannan ba dalilin ƙin gwadawa ba ne.

Na biyu shi ne adadin wankin da ake yi masa. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, sa'a huɗu kowane zama. Na san abin da ya sa kuke yin biyu ko ɗaya, kuma ba zan ɗora muku laifi ba, yawancin majinyatanmu haka suke fama. Amma dole in faɗi abin da hakan ke haifarwa. Dattin da ke taruwa tsakanin wanki da wanki shi kansa mai tsokanar sojojin jiki ne. Akwai ma wasu guba biyu da ƙwayoyin hanji ke samarwa, indoksil salfet da p-kiresil salfet, waɗanda ke manne wa albumin har na'ura ba ta iya cire su sosai ko da ana wanki cikakke. Ruwan da ke taruwa kuma ba a ƙafa kaɗai yake tsayawa ba. Bangon hanji ma yana jiƙewa ya yi laushi, sai gubar ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji ta riƙa tsallakawa cikin jini. Don haka kumburin ƙafar da kuke gani yana da hannu a wanda ba ku gani. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa a abincin Baba magani ne na gaske, saboda gishiri ke kawo ƙishi, ƙishi ya kawo ruwa.

Na uku ruwan wankin ne, wanda iyalai ba sa ma tunaninsa. A zama ɗaya na sa'a huɗu kimanin lita 120 na ruwa ke wucewa ta gefen jinin majinyaci, ba abin da ya raba su sai wata siririyar fata ta matata. Wanda ke wanki sau uku a mako yana haɗuwa da lita 360, alhali lafiyayye bai fi ya sha lita 14 ko makamancin haka a mako ba, shi ma ta hanji da ke tacewa. Idan na'urar tace ruwa ta RO ko bututunta suka yi datti, gutsattsarin gubar ƙwayoyin cuta na iya tsallaka matatar. Duniya ta ga iyakar abin da ruwa zai iya yi a 1996 a garin Caruaru na Barazil, inda gubar gansakuka ta shiga ruwan wata cibiyar wanki, mutum fiye da 50 suka rasu. Ba laifi ba ne ku tambayi ma'aikatan cikin ladabi yaushe aka yi gwajin ruwa na ƙarshe. Kuma idan kun lura mutum uku ko huɗu suna rawar sanyi a rana guda, ku gaya wa babban likita, wannan ba na robar mutum ɗaya ba ne. Matatar kanta a da tana cikin manyan masu laifi, lokacin da ake yin ta da wani abu mai suna kufrofan da ke tayar da fararen ƙwayoyin jini cikin mintuna. Yawancin na yanzu na folisalfon ne, sun fi sauƙi ƙwarai.

Sai wuraren da ake mantawa. Ina sa majinyaci ya buɗe baki in haska: dasashin da ke jini da ruɓaɓɓen haƙori sun isa su riƙe CRP a sama. Ina cire masa takalmi da safa in duba tsakanin yatsu da diddige, don mai suga kan taka ƙusa bai ji ba. Ina tambayar fitsari idan yana yi, da gwajin ciwon hanta na B da C. Sannan tarin fuka. Masu wankin ƙoda sun fi sauran mutane kamuwa da shi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ba a huhu yake fitowa ba, yakan ɓoye a ƙululun wuya ko a ciki ko a rufin huhu ko a ƙashin baya, ba tari ko kaɗan. Rama da ƙin abinci da ɗan zazzaɓin yamma da gumin dare a ƙasarmu dole su sa a neme shi. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai likitan ƙoda ne zai daidaita yadda za a sha wasu daga cikin ƙwayoyin da ranakun wanki.

Abin da ya sa jinin ya ƙi hawa

Wannan shi ne ya fi cin kuɗin iyalai a banza. Idan akwai kumburi, hanta tana ƙara sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke kulle ƙarfen jiki a ma'ajiyarsa, ya kuma hana hanji tsotsar sabo daga abinci. Dabarar jiki ce ta hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe, amma ɓargo ma sai ya rasa abin ƙera jini. Allurar ƙara jini, wato EPO, tana umartar ɓargo ya yi aiki, kayan aikin kuwa suna kulle. Feritin shi ne gwajin ƙarfen da ke ajiye a jiki, kuma 900 na Baba yana iya nufin ƙarfe ya yi yawa, yana kuma iya zama kumburin ne ya ɗaga shi, don shi ma yana hawa tare da CRP. Gwajin TSAT, wanda ke auna ƙarfen da ke yawo a jini, shi ne zai taimaka a bambance.

Saboda haka kada ku sayo masa tonik ɗin ƙara jini, ba zai shiga ba. Kuma kada ku matsa a ninka EPO, yawanta na ɗaga hawan jini ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Allurar ƙarfe ta jijiya tana da amfani sosai a inda ta dace. Binciken PIVOTAL da aka yi a Birtaniya kan mutum 2,141, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa ba da ita a kai a kai ya fi jira sai ƙarfe ya ƙare, kuma bai ƙara kamuwa da cuta ba. Amma ko a wannan binciken ana dakatar da ita idan feritin ya haura 700, kuma ba ma ba da ita ga wanda ake zargin yana da ƙwayar cuta a jini. Na sha ganin majinyacin da aka cire masa ruɓaɓɓiyar roba aka yi maganin cutar, bayan 'yan makonni PCV ya fara hawa da adadin allurar da a da ba ta yin komai, ya fara neman tuwo da kansa.

Me bincike ya nuna game da ƙwayoyin antiyoksidan

An gwada su, kuma likitocin ƙoda sun so ƙwarai a ce sun yi aiki. A 2000 wani bincike mai suna SPACE a Isra'ila ya ba masu wankin ƙoda da ke da ciwon zuciya bitamin E mai yawa, mutum 196 ne gaba ɗaya, aka ga kamuwa da ciwon bugun zuciya ya ragu, amma yawan mace-mace bai canja ba. A 2003 wani a Jamus ya gwada wani antiyoksidan mai suna asetilsistin kan mutum 134, ya sami makamancin haka. Ƙananan bincike ne, sun ba da fata. Da aka zo aka yi wanda ya fi su girma a Amurka, mai suna PATH, aka ba mutum 353 haɗin bitamin E da wani antiyoksidan ko ƙwayar da ba magani a ciki na wata shida, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna ko CRP ɗin bai motsa ba.

Akwai darasin da ya fi wannan. Magungunan rage kitse na sitatin suna sauke CRP, suna kuma ceton rayuka a sauran mutane. Amma a binciken 4D na Jamus a 2005 kan masu suga 1,255 da ke wanki, da AURORA a 2009 kan mutum fiye da 2,700, ba su rage ciwon zuciya yadda aka zata ba. Wani magani kuma, bardoksolon, an ƙera shi ne musamman don ya tayar da garkuwar jiki daga ɓarnar oksijin. An dakatar da gwajinsa kan masu suga da ciwon ƙoda tun kafin lokaci, saboda waɗanda ke shansa sun fi kwanciya asibiti da gazawar zuciya. Idan maganin da aka kashe maƙudan kuɗi aka tsara zai iya yin haka, kwalbar da ba a taɓa gwada ta kan mai wankin ƙoda ko ɗaya ba ta fi cancantar a yi taka-tsantsan da ita. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ce cewa an yi wannan gwajin ba.

Kuma ga mai ƙodar da ba ta aiki, wasunsu cutarwa suke yi kai tsaye. Bitamin C mai yawa yana rikiɗewa ya zama oksalet ya taru a jijiyoyi da gaɓɓai, shi ya sa muke tsayawa a miligiram 60 zuwa 100 a rana, alhali na kasuwa sau da yawa 1,000 ne. Bitamin A taruwa yake yi. Bitamin E mai yawa na ƙara saurin zubar jini, ga shi ana sa wa majinyaci maganin tsinka jini a kowane wanki.

Garin zogale shi ya fi ba ni tsoro a cikin kayan da aka kawo muku. Zogale abinci ne mai kyau ga mai lafiyar ƙoda, amma busasshen ganye cike yake da fotashiyam, kuma Baba wani makon sau ɗaya ake wanke shi. Fotashiyam idan ya haura 6 yana iya tsayar da zuciya ba tare da wani gargaɗi ba. Haka dabino, ayaba, lemun zaƙi, ruwan kwakwa, ruwan toka, da gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini, wanda fotashiyam ne aka sa a madadin gishiri. Kurkum ɗan kaɗan a miya ba matsala. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje na gajeren lokaci da suka nuna yana iya ɗan sauke CRP, amma babu wanda ya nuna yana tsawaita rai, kuma shan sa cokali-cokali yana ƙara oksalet.

Ƙari ɗaya da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Idan aka je kemis aka ce ana son maganin kumburi, diklofenak ko ibufurofen ko feldin za a miƙo, wani lokacin har da deksametason. Na farkon suna ƙarasa ɗan sauran aikin da ƙoda ke yi, suna kuma sa gyambon ciki ya yi jini. Na ƙarshen zai sauke CRP, ya buɗe masa cin abinci na 'yan kwanaki, ya haukata sugansa, ƙwayar cutar kuma ta samu fili.

Da Baba a hannuna yake

A makon nan zan duba robar, in shuka jininsa, in ɗauki hoton ƙirji, in duba baki da ƙafa, in auna TSAT da fotashiyam, in kuma tura shi wurin mai yin fistula ba tare da jiran komai ba. Kuɗin da za a ba mai ƙwayoyi zan ce a tara shi a kan fistula, abin da ya saura a ƙara zaman wanki ko da ɗaya ne.

Sai abinci, inda ake yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. Kafin a fara wanki an ce a rage masa nama, kuma daidai ne a lokacin. Da an fara wanki hukuncin ya juya, amma ba wanda ya koma ya gaya wa masu dafa abincin, sai a bar tsoho da kunu da farar shinkafa. Mai wankin ƙoda yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana son giram 60 zuwa 72, ga shi na'ura tana ɗauke wani abu a kowane zama. Farin ƙwai ya fi komai dacewa saboda ba shi da fosfet sosai, sai kaza da ɗanyen kifi da nama dafaffe. Kilishi da busasshen kifi da lemun kwalba mai baƙi a bar su. Ganye da dankali a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan kafin a yi miya. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi kwano biyu da zai kalla ya ture. Sai dai ki sani, muddin kumburin na nan, ƙwai kaɗai ba zai ɗaga albumin ba, tare ake yin su. Ɗan tattaki a tsakar gida kullum yana riƙe masa naman jiki. Kuma a sake duba magungunan sugansa, don wasu ba su dace da mai wanki ba, buƙatar insulin ma takan ragu.

Akwai hanyoyin da suka fi wanki na yau da kullum. Binciken CONVINCE da aka yi a Turai kan mutum 1,360, wanda ya fito a 2023, ya nuna wani salon wanki mai tace jini da ruwa mai yawa ya rage mace-mace daga kusan kashi 22 zuwa kashi 17 cikin ɗari, amma yana buƙatar ruwa mai tsabta ta ƙarshe da hanyar jini mai ƙarfi. Dashen ƙoda, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, shi ne ya fi kwantar da wannan kumburi ga wanda ya dace da shi. Ana kuma gwada wasu allurai da ke toshe IL-6 kai tsaye, waɗanda suka sauke CRP ƙwarai a gwajin farko. Amma bayan abin da muka gani da sitatin, sauke lamba bai isa ba sai an ga mutane sun ƙara kwana, kuma duk maganin da ke kwantar da sojojin jiki yana buɗe ƙofa ga cuta.

Ban ga Baba ba, ban taɓa robarsa ba, don haka likitansa ne mai magana ta ƙarshe, ki kai masa waɗannan tambayoyin. Kuma gaskiya akwai majinyatan da muke bincika ko'ina ba mu sami wani takamaiman wuri ba, CRP ya ci gaba da zama a 10 ko 15 saboda ciwon ƙodar kansa. Amma 38 ya yi yawa a ɗora wa ƙoda kawai kafin a bincika, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, a maimaita shi bayan mako biyu zuwa huɗu a ga inda ya dosa.

Kafin nan, kada ruwan wanka ya taɓa bandejin robar, kuma kada kowa ya buɗe ta a gida ko a yi masa allura ta cikinta. Idan ya yi rawar sanyi ko zazzaɓi, ko kuka ga ja ko mugunya a bakin robar, ko numfashi ya gagare shi a kwance, ko ƙafafunsa suka mutu farat ɗaya, ko ya fara ruɗewa, ku kai shi asibiti a daren, kada ku jira ranar wanki.